Shin shaƙar oksijin a ɗakin matsi yana kwantar da daɗaɗɗen kumburi?

Mai Neman Sani:
Assalamu alaikum. Shekara 7 ke nan ina fama da amosanin gaɓoɓi, irin wanda likitoci suka ce garkuwar jikina ce ke afka wa gaɓoɓin, kuma ko da yake magani ya rage mini zogi, kusan kullum da kumburarrun yatsu nake wayar gari. An ba ni labarin wani rufaffen ɗaki da ake shigar da majinyaci ya shaƙi oksijin zalla a ƙarƙashin matsi. Ina roƙon masana su faɗa mini ko yana maganin irin wannan kumburi.

Malamin Jinya:
Wa alaikumus salam, Hajiya, Allah ya ƙara sauƙi. Ana ɗaga matsin ɗakin ya kai ninki 2 zuwa 2.5 na iskar waje, majinyaci ya zauna kamar minti 90. Da ma jajayen ƙwayoyin jini kusan cike suke da oksijin, saboda haka ƙarin da aka shaƙa cikin ruwan jini yake narkewa, ya isa naman da ƙananan jijiyoyin jini suka kasa shayarwa. Matsin yana kuma tsuke jijiyoyin, abin da ke sa kumburi ya sace.

Sai dai hukumar FDA mai kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince da shi ne a kan larurori sanannu, kamar gubar hayaƙin gawayi da janareta, ciwon masu nutso cikin teku, gyambon ƙafa na masu ciwon suga, naman da hasken ƙona ciwon daji ya lalata, da ciwon ƙashi da ya gagari maganin ƙwayoyin cuta. Amosanin gaɓoɓi ba ya ciki. An yi gwaje-gwaje a kan kumburin hanji, irin su cutar Crohn, amma mutanen da aka gwada kaɗan ne. A ganina, tunda tushen ciwonki garkuwar jiki ne, kada ki ajiye magungunan da ke hana gaɓoɓinki lalacewa saboda wannan.

Ɗan Majinyaci:
Mahaifina ya shiga sau 30 saboda gyambon suga, kuma alhamdu lillahi gyambon ya rufe, amma ciwon gwiwarsa yana nan yadda yake. Abin da ya fi wahalar da shi toshewar kunne ce, sai da aka koya masa haɗiyar yawu yayin da matsin ke hawa. Ganinsa na nesa ya dushe na wasu makonni kafin ya dawo. Kullum sai an auna sugansa, kuma ba a barinsa ya shiga da waya ko mai a jiki saboda gudun gobara.

Mai Neman Sani:
Na gode ƙwarai. Wanda aka nuna mini kamar doguwar jaka ce mai zif, wadda ake hurawa a gida.

Malamin Jinya:
Wannan ba ta wuce ninki 1.3, kuma domin ciwon hawan tsaunuka aka amince da ita, ba daidai take da ɗakin asibiti ba. Idan likitan gaɓoɓinki ya ga dalilin tura ki, to a fara ɗaukar hoton ƙirjinki, domin wanda iska ta taru a bayan huhunsa ba a shigar da shi sam sai an magance ta.