Inji ya datse wa ƙanina yatsu, mai kamfani ya hana diyya

Assalamu alaikum. Ƙanina yana aiki a wata masana'antar roba a Kano. Injin niƙa ya datse masa yatsu uku na hannun dama, saboda an cire murfin injin, wai yana rage saurin aiki.

Manaja ya biya kuɗin ɗinki, sannan ya sallame shi. Muka nemi diyya a ƙarƙashin dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010, ashe kamfanin bai taɓa biyan NSITF, wato hukumar da ke biyan wannan diyya, kashi 1 cikin 100 na albashin ma'aikata da dokar ta wajabta ba. Lauya kuma ya ce ko an kama su da laifi, hukuncin dokar masana'antu ta 1987 bai wuce tarar naira 5,000 ko ɗaurin shekara 2, ko duka biyun ba. Yaron nan ko cokali ba ya iya riƙewa.

Don Allah, za mu iya kai kamfanin kotun ma'aikata neman diyya ba sai an jira wannan hukuncin ba?