Me ke sa jirgin ƙasa mai dogon zango ya riga lokacinsa isowa?

Dan_Jekadafari:
Assalamu alaikum jama'a. Jirgin ƙasa ya makara, wannan kowa ya san dalilinsa. Amma yaya jirgin da ya yi tafiyar awanni zai iso tashar ƙarshe da saura minti 20 ko 30 a lokacin da aka rubuta? Direba ne ke wuce ƙa'idar gudu?

Injiniya_Wunti:
Wa'alaikumus salam. Ba gudu ba ne ɗan'uwa, jadawalin ne aka yi wa rara tun daga ofis. Ana fara lissafa ainihin lokacin da kan jirgi zai ja taragunsa daga tasha zuwa tasha, ana duba nauyi, hawa da gangara, da kwanonin da dole a rage gudu. Sannan a ɗora wasu mintuna a kai saboda abin da ka iya tasowa. A ce tafiyar kilomita 300 ce a kan gudun kilomita 60 a awa, awa 5 ke nan. In aka ƙara kashi 7 cikin 100, an samu rarar minti 21. Ranar da babu abin da ya tsare jirgin, rarar nan ce za ka gani.

Kuma ba a raba ta daidai a kan hanya. Yawanci a zangon ƙarshe ake jibge ta, don a tashar ƙarshe ake auna ko jirgi ya cika alkawari. Shi ya sa za ka ga jirgi yana bayan lokaci da minti 10 a tsakiyar hanya, amma ya ƙare da isowa da wuri.

Tsohon_Dogo:
Injiniya ya faɗi gaskiya, sai dai a irin layinmu babban abin shi ne jiran juna. Dogon da ya taso daga Kuru, kusa da Jos, ya iso Bauchi a 1961, Gombe a 1963, Maiduguri a 1964, ƙwaya ɗaya ne, faɗinsa milimita 1,067. Jirage biyu ba sa gilma wa juna sai a tashar da ke da layin ratsewa. Ɗaya ya shiga gefe ya tsaya, a juya makarkatar dogo, ɗayan ya wuce, sannan shugaban tasha ya ba da izinin shiga zango na gaba. Duk wannan jiran an rubuta shi cikin jadawali. To idan jirgin kayan da za a jira bai taso ba a ranar, mintunan sun zama riba.

Haka umarnin rage gudu na wucin gadi, a kan gadar da ake gyara ko inda ruwan damina ya zaizaye ƙasar da ke ƙarƙashin dogo. Sau da yawa aiki ya ƙare, an ɗage umarnin, jadawali kuwa yana nan yadda yake sai an buga sabo.

Dan_Jekadafari:
Na gode Baba. Kenan zai iya tashi ya bar fasinja a tashar tsakiya tunda ya iso da wuri?

Injiniya_Wunti:
A'a. Isowa da wuri an yarda, tashi da wuri daga tashar da ake ɗaukar fasinja ba a yarda ba. Zai tsaya har lokacinsa ya cika, rarar ta ƙone a nan. Don haka sai a tashar ƙarshe ko wadda ake saukewa kawai ake ganinta sosai. Ko a can ma, in wani jirgin bai bar layin da aka ware masa ba, a bakin sigina za a tsayar da shi a wajen tasha, fasinjoji suna hango gari ba halin sauka.

Batun wuce ƙa'ida kuwa, a siririn dogo mai kwana-kwana gocewar tarago yake jawowa, kuma jiragen zamani suna da na'urar da ke naɗar gudun da aka yi a kowane zango, ana iya bincika ta bayan tafiya.