Wata ta ce ɗinkina "travesty" ne, me take nufi?

Telan Kasuwar Bacci:
Salamu alaikum jama'a. Wata hajiya daga Unguwan Rimi ta kawo min leshi da hoton riga a wayarta, ta ce irinta take so sak, biki za ta. Kwana uku na yi a kai. Gaskiya hannun ya fi na hoton faɗi, duwatsun da na samu kuma ba su da ƙyalli sosai. Da ta karɓa ko uffan ba ta ce ba. Sai da daddare yarona ya nuna min ta jera hotunan biyu a WhatsApp, ta rubuta "travesty" a ƙasa. Ya ce wai jabu take nufi. Leshinta ne fa, ban musanya ba. Ina jabu a nan?

Malamin Turanci, Kawo:
Wa alaikumus salam. Maigida, yaronka ya kusa amma bai kai ba. Jabu don a yaudare ka ake yinsa, kamar cajar da aka buga wa sunan Samsung. Travesty kuwa kwaikwayo ne da ya lalace har ya koma abin dariya, da gani babu tambaya. Kalmar ma 'yar gidanku ce. Daga Faransanci ta shiga Turanci a ƙarni na 17, asalinta kuma Italiyanci, ma'anarta sauya tufafi don ɓad da kama. Ka tuna ɗan tashe da azumi: ya zura babbar rigar babansa tana jan ƙasa, ya manna gemun auduga, yana dogara sanda yana tarin ƙarya. Yadda yake kama da tsoho, haka hajiya ke cewa rigarka ta yi kama da ta hoton. Ka yi haƙuri.

Ɗan Barnawa:
A jarida an fi ganinta a "travesty of justice", musamman bakin lauyan da aka kayar a kotun zaɓe. Shari'ar jeka-na-yi-ka ke nan a Hausance. Wasu na rikita ta da "tragedy", har su kira haɗarin mota a hanyar Abuja travesty. Kuskure ne.

Maman Biyu:
Baba tela, bar Turancin nan ka kira ta. Hannu ai ana ragewa.

Telan Kasuwar Bacci:
Ɗan tashe kuma? Ashe gara ta ce jabu! Na kira ta, gobe bayan la'asar direbanta zai dawo da rigar. Wa ya san inda zan samu duwatsu masu kyau a Kasuwar Gumi?