Ɗiyata ta ci BEPC, injiniya take son zama: me za ta yi da hutun nan?

Baban Nana, Garin Malam

Assalamu alaikum. Ni tela ne a bakin Kasuwar Dole, karatuna bai wuce CM2 ba, to a yi haƙuri in tambayar ta zo a karkace.

Ɗiyata ta biyu ta ci BEPC bana, jarrabawar gama kwaleji, shekarunta 15. Tun tana ƙarama ba a ajiye rediyo ko tocila kusa da ita a same su yadda aka bar su. Cikin zafin Afrilun nan fankar cajin da muke kwana da ita ta mutu, na ce a yar. Da na taso daga shago bayan isha'i sai na tarar da yarinya kan tabarma a tsakar gida, ta tara ƙananan kusoshin fankar cikin murfin kwano kar su ɓace, ta ciro batura uku daga cikin mataccen batirin kwamfutar kawunta, ta jera su ta naɗe da salatif. Fanka ta tashi. Kwana tara muna shan iska. A na goma muka ji ƙaurin roba, da ƙafa na ture ta waje. Uwarta na ta faɗa, ita kuwa abu ɗaya take ta maimaitawa: Baba, me ya sa ta yi zafi? Ni da ban san komai ba sai zare da allura.

Kawun nata da ke Yamai ya turo mini bidiyo a WhatsApp, wai a Amurka jami'o'i na karɓar ƴan lise lokacin hutu su fara koya musu aikin injiniya tun ba su ci bak ba, wato jarrabawar gama lise. Akwai irin wannan a Damagaram ko Maraɗi? Ina tsoro, don bara na biya wa wanta jika 25 a wani wurin koyon kwamfuta, yara sha biyu kan na'ura biyu, ya fito da takarda mai hatimi amma ko wasiƙa bai iya bugawa ba. Sannan wasu na ce mini segond C, ajin farko na lise ɓangaren kimiyya, wasu na cewa lise teknik. Wanne ne?

Mushe Lissafi

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya yi mata albarka.

Abin da ke cikin bidiyon gaskiya ne. Jami'ar MIT ma tana da irin shirin tun 1975, MITES ake ce masa, yara su yi mako shida suna kwana a can, kuma kyauta. Sai dai na ƴan ƙasar ne da masu takardar zama ta dindindin. Waɗanda ke karɓar baƙi kuwa da yawansu dubban daloli ake biya, ban da jirgi da biza. Ku cire ranku daga wannan, ba ku yi asarar komai ba.

A tsarinmu, share fagen injiniya shi ne zaɓen da za ku yi mata yanzu. In ta shiga segond A, ɓangaren adabi, ƙofar ta rufe ke nan. In ta shiga segond C, shekara mai zuwa sai ta wuce C ko D, kuma C ce mai nauyin lissafi da fizik, ita makarantun injiniya suka fi so. Na daɗe ina koyar da wannan aji, kuma abin da ke kayar da yara ba sabon darasi ba ne. Tsohon bashi ne na kwaleji: lissafin kashi, warware ekwasiyo, jan baka da buɗe ta. Yaro ya zo da maki mai kyau na BEPC, a ba shi kashi biyu ya haɗa, sai ka ga ya haɗa na sama da na sama, na ƙasa da na ƙasa. Ku samo mata littafin lissafin segond ko tsoho ne, awa ɗaya kullum bayan asuba kafin a tura ta aiki, daga yanzu har a koma cikin Oktoba. Kwance fanka abin sha'awa ne, amma ba shi ake tambaya ranar jarrabawa ba.

Mai Kuran, Zango

Mushe, da girmanku, amma jimlarku ta ƙarshe ban yarda da ita ba. Na yi F3 a lise teknik Ɗan Kasawa ta Maraɗi, yau sola nake haɗawa. Ƴan C nawa suka zo mini staj da ba su san inda ake soka wayar mitar auna lantarki ba? A teknik akwai E, wadda lissafinta bai da sauƙi ko kaɗan, akwai F1 ta kanikanci, F3 ta lantarki, F4 ta gine-gine. Yaro na fita da bak da kuma sana'a a hannu. Wanda ya faɗi bak C fa, me ya riƙe?

Baban Nana, ga amsar tambayarta, ku karanta mata. Waɗannan batura na kwamfuta litiyom ne, kowane ɗaya in ya cika bai kamata ya wuce bolt 4,2 ba, uku a jere 12,6 ke nan. Fankar kuwa da batirin darma aka yi ta, cajarta na tura abin da ya kai wajen 14 in mai bolt 12 ce. A cikin batirin kwamfutar akwai ɗan allon da ke yanke caji in sun ƙoshi, ita kuma ta bar shi a can. Kullum ana ɗura musu fiye da cikinsu, dole su yi zafi. Kun yi sa'a wari kawai kuka ji, litiyom wuta yake kamawa. Amma a ce yarinya ta gane da kanta cewa uku za ta jera ba biyu ba, wannan kai ne.

Ku saya mata mita, ƴar ƙaramar nan mai rawaya, ba ta kai kuɗin atamfa mai kyau ba. Ku ba ta wannan aiki: batir mai bolt 12, amfiya-awa 100, ƙarfin da ke cikinsa wat-awa 1200 ne, amma na darma rabi kawai ake ci in ana son ya daɗe, saura 600. Fanka mai cin wat 20 da ƙwai uku masu wat 5 kowane, awa nawa za su yi? In ta samo, ta auna na gaske ta ga ko ya yi daidai. Ba zai yi ba, sai ta nemo dalili. Sharaɗi ɗaya: kar ta kusanci wutar NIGELEC. Bolt 220 ba ta san ƴar makaranta ba.

Mushe Lissafi

To ai abin da ka ba ta ɗin ma lissafi ne, ƙanena. Mun haɗu.

Ƴar Birni

Baba, ina wuni. Ni ɗaliba ce, gine-gine nake karanta, C na yi a nan Damagaram, mu uku ne mata a ajin tarminal.

Akwai abin da su biyun ba su taɓo ba saboda maza ne. Maraɗi ta fi kilomita 200 daga nan. Kafin a yi maganar wace seri ta fi, sai an san gidan wa ƴar shekara 15 za ta zauna, wa zai sa mata ido, kuma ko za a bar ta ta yi karatu ko za ta zama mai wanke-wanken gidan. Ni abin da ya hana ni teknik ke nan, kuma ban yi nadama ba, don bayan bak hanya na nan: IUT, cibiyar fasaha ta Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo a Maraɗi, EMIG, makarantar injiniyoyi a Yamai, ga kuma Jami'ar André Salifou a gida.

In za ku tura ta shagon gyara lokacin hutu ma, haka ne. Da na fara bin wani ƙanen mahaifiyata wurin gini lokacin hutu, sai da maƙwabta suka zo har gida, wai me ɗiya mace take nema cikin leburori. Mahaifina ne ya tsaya. Ku nemi shagon wanda kuka sani, ku kai ta da kanku ranar farko a gan ku, ta riƙa tashi kafin la'asar. Ta tafi da kaye, duk abin da aka kwance ta zana shi ta rubuta abin da ya lalace. Kayena na wancan hutun har yau yana nan, ya sha siminti.

Kuma kar ta ɗauka injiniya sai SORAZ, matatar man fetur. Kowa a garin nan matatar yake hange tun da aka buɗe ta a 2011, alhali ga matsalar ruwa a ƙofar gidanmu. Garin kan dutse yake zaune, shi ya sa ake jawo ruwa daga nesa, irin su Gogo da Arunguza. Ni abin da ya fara ja na shi ne ranar da aka ce mini duk tsayin mita 10 na ruwa yana ba da matsi kusan bar ɗaya. Sai na fahimci abin da ya sa ake ɗora tanki a sama, da abin da ya sa famfon masu kan tudu ke riga na kowa ɗaukewa. Ta riƙe Ingilishi kuma, takardun bayanin kayan lantarki kusan duk da shi ake rubuta su.

Baban Nana, Garin Malam

Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Mun zauna da uwarta, ba mu da kowa a Maraɗi da za mu ba amanarta, saboda haka C za mu nema mata a nan. Mushe, littafin an samo wajen ɗan maƙwabcinmu, bangon ya cire amma ciki lafiya.

Mai Kuran, na karanta mata bayaninku sau biyu. Ta ce awa 17 da ɗan ɗori, wai a tambaye ku ko daidai ne. Mita kuma na saya jiya. Tun safe ta auna duk baturan da ke gidan, har na rediyon kakarta, ta ce mata biyu sun mutu, tsohuwa ta ce ƙarya ne, ba a taɓa mata su. In kuna karɓar yara a shagonku, ku turo mini saƙo ta ciki in zo mu gaisa, ranar Juma'a ba na buɗe shago sai bayan masallaci.