Ina son tasowa Kano da iyali, ribar ta kai wahalar?

Tela daga Gumel:
Assalamu alaikum. Ni tela ne, ɗinkin maza nake yi, ina da keke biyu da injin aiki ɗaya. Matata ɗaya, yara uku, biyu suna firamare. A gidan gado muke zaune, ba na biyan haya, amma aiki sai sallah ta matso. Sauran watanni sai gyaran wando da yunifom. Zuciyata na ta raya min in tattaro in koma Kano. Masu sanin gari, ku faɗa min gaskiya don Allah, ta ina ake farawa?

Ɗan Kwari:
Wa alaikumus salam. Malam, aiki kam akwai. Shadda da yadi suna Kantin Kwari, zare da maɓalli da kayan gyaran keke ba sai ka yi aike ba, kuma da wuya mako ya wuce ba a yi biki da anko ba. Sai dai a Gumel sunanka ake bi a kawo maka ɗinki, a Kano kuwa ba wanda ya san hannunka, ga teloli a kowane lungu, musamman wajen Fagge.

Don haka kada ka fara da kama shago. Ka zo kai kaɗai a Rajab ko farkon Sha'aban, lokacin da masu shaguna ke neman ƙarin hannu, ka zauna a shagon wani ana biyanka bisa kowane ɗinki. Ka riƙe littafi: abin da ya shigo, abin da ka ci, abin da ka ba mai adaidaita. Kuɗin azumi yana ruɗar mutum. Watannin bayan babbar sallah ne za su nuna maka ko za ka iya riƙe gida a nan.

In ka tashi kama shago, wuta za ka fara tambaya kafin kuɗin haya. Layin da KEDCO, kamfanin rarraba wutar lantarki na Kano, ta sa a rukunin farko da ake kira Band A ya fi samun wuta, amma tun Afrilun 2024 kuɗinsa ya yi tsada sosai. Ka tambaya ko akwai mita ta kati ko bil ake rabawa, domin mai injin aiki da dutsen guga shi ake ɗora wa kaso mafi tsoka. Kuma ka sa wa injin situbilaiza, wuta mai hawa da sauka tana ƙona shi.

Mai harkar gidaje:
Kuskuren da baƙi suka fi yi shi ne bin arhar haya. Gida a Janguza ko Rimin Kebe ko can bayan Mariri ya fi na Gyaɗi-Gyaɗi ko Zoo Road sauƙi nesa ba kusa ba, amma in wurin aikinka na Fagge ne, hawa biyu za ka yi zuwa, biyu dawowa. Tun 2013 aka hana acaɓa a cikin birni, kuma tun da aka cire tallafin fetur a 2023 kuɗin adaidaita sahu ya tashi. Ka lissafa hawa huɗu sau kwana 26, sau wata 12, ka ɗora a kan hayar. Sau da yawa gidan da ake ce wa mai arha shi ne mai tsadar. Nemi unguwar da hawa ɗaya zai kai ka aiki. Mai aiki a Fagge ko Sabon Gari ya duba Kurna, Rijiyar Lemo ko Birget.

Haya a nan ta shekara ce, a dunƙule, ga la'adar dillali, galibi kashi 10 cikin 100. Kada ka miƙa wa ɗan kayi-nayi kuɗi. Sai ka ga mai gidan ko wakilinsa, an rubuta yarjejeniya da shaidu, an faɗi wanda zai yi yasar masai da gyaran rufi, sannan a ba ka rasit.

Sai ruwa, wanda shi ne ke cinye aljihu ba a sani ba. Unguwanni da yawa famfo ya daɗe bai kawo ba, 'yan ga-ruwa ake dogaro da su. Gida mai mutum biyar, da wanka da wanki da girki, ka ƙiyasta jarka shida zuwa takwas mai lita 25 a rana, kuma farashi na hawa da bazara ko in wuta ta ɗauke masu burtsatse suka koma janareta. Gida mai rijiya ya cancanci ƙarin kuɗi. In da hali ka duba gida a watan Agusta. In ba damina ba ce, dubi gindin bango: in fenti ya kumbura, siminti yana zubowa kamar gari, ko ka ga an ɗaga dokin ƙofa da bulo biyu, ruwa na shiga gidan.

Wanda zai sayi fili kuma, yawancin na gefen gari awon igiya ne, wato filayen da ba gwamnati ce ta yanka su ba. A bincika a KANGIS, hukumar bayanan filaye ta jihar Kano, da KNUPDA, hukumar tsara birane, kafin a biya, sa hannun mai unguwa kaɗai ba ya hana rusau.

Malamar firamare:
Ɗan'uwa, ban goyi bayan a bar mace da yara uku har abin ya zarce shekara ba. Ka sa wa kanka wa'adi, kuma ka daidaita tasowarsu da Satumba, farkon zangon karatu, da takardar canjin makaranta a hannu. Makarantun gwamnati a cikin gari cike suke maƙil, masu zaman kansu kuma kowane zango da kuɗinsa, ban da littattafai da Islamiyya.

Ta fannin lafiya Kano ta fi, wannan ba gardama: ga Asibitin Murtala, ga na Malam Aminu Kano, ga Hasiya Bayero na yara, ga na ƙashi a Dala. Amma sai an yi sammako, layi ne mai tsawo.

Abin da za ku yi kewa shi ne dangi. A nan itace, kuka, har wanda zai riƙe yaro in uwa ta fita, duk sai da kuɗi. Kafin ka biya haya ka je unguwar bayan isha'i, ka tambayi mai shayi ko ana faɗan daba ko ƙwacen waya a layin. Kuma ko me za a yi, kada ka sayar da rabonka na gida ko gona don biyan haya. Buhun gero da wake daga gida da kaka yana riƙe iyali wata da watanni.

Tela daga Gumel:
Allah Ya saka da alheri. To kekunan fa, in taho da su tun yanzu?

Ɗan Kwari:
A'a, taho da almakashinka da tef da kaya biyu ko uku da ka ɗinka da hannunka, su za a duba a ɗauke ka. Keke ɗaya ka bar wa yaronka ya ci gaba da karɓar aikin gida, kada kwastomominka su watse. Injin aikin kuma ka zuba masa mai, ka rufe shi da kyau saboda ƙurar hunturu, sai ka samu shago mai ƙofar ƙarfe da mai gadi a layin sannan ka ɗauko shi.