Ajin sababbin shiga a tseren motoci masu rimot: taimako ne ko ɓata lokaci?

Mai Bagi: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ni dai a ganina ajin sababbin shiga da ake buɗewa a filayen tsere ɓata lokaci ne, kuma shawarar da ake ba sabon direba cewa ya fara da mota haɗaɗɗiya daga kwali cutarsa take yi. Duk wanda da gaske yake, ya sayi kit na gasa, wato motar da ke zuwa a warwatse, bagi (motar tsere mai tayoyi a waje) mai girman 1/10 irin na kamfanin Team Associated ko TLR ko Yokomo, ya haɗa da hannunsa, ya sa injin 17.5, ya faɗa cikin waɗanda suka iya. A ajin sababbi kowa karo yake da kowa, babu wanda za ka bi bayansa ka ga yadda ake shan kwana. Ita kuma motar kwali, ko ba daɗe ko ba jima sai ka rabu da ita ka sayi ta gasa. Ka ga an kashe kuɗi sau biyu ke nan.

Tsohon Direba: Wa alaikumus salam. Ɗana, rabin maganarka na yarda da ita. Wanda ya ɗaure kowane noti na motarsa da kansa, ranar da ta karye ba ya tsayawa yana kallonta. RC10, bagin Team Associated da ta fito a 1984, ta kuma ci gasar duniya ta farko ta bagin lantarki ta IFMAR, hukumar tseren motoci masu rimot ta duniya, a 1985, a warwatse take zuwa cikin kwali. Amma jefa sabo cikin ajin 17.5, a nan muka rabu. Tseren minti 5 ne galibi. Kafin ya gama gane inda layin hanya yake, na gaba sun zagayo sun iske shi. Daga nan duk hankalinsa ya koma kan kaucewa, hannu na rawa a kan sitiyarin rimot, ya kauce wa wannan ya faɗa wa wancan. Ya ɓata wa mutane tserensu, ya karya hannun taya, ya sauko daga dandamalin da direbobi ke tsayawa kunya ta rufe shi. Irin wannan yaron da wuya ka sake ganinsa mako mai zuwa.

Sabon Shiga: Baba, don Allah a yi mini bayani, ni ne mai niyyar sayen motar. Mene ne 17.5 ɗin nan? Ƙarfin injin ne?

Bakanike: Ƙanena, yawan naɗin waya ne a cikin injin. Iya girman lambar, iya raguwar gudun. Wato 25.5 ya fi 21.5 sanyi, 21.5 ya fi 17.5 sanyi, 13.5 kuma ya fi su zafi duka. A waɗannan ajujuwan ana tilasta wa kowa ya sa na'urar daidaita gudu, ESC, a yanayin da ba ta ƙara wa injin komai, fitilarta na ƙyaftawa don alƙali ya gani da idonsa. To ga abin da Mai Bagi bai faɗa maka ba: saboda an daidaita ƙarfin kowa, 17.5 ya zama ajin da ake faɗa a kan ɗigon daƙiƙa. Mutane na canza taya, suna auna zafin injin bayan kowane tsere, suna sauya giya da haƙori ɗaya. Sunansa kawai ke nuna sauƙi. Ƙwararru ne cike da shi.

Maman Yara: Bari in sa baki tunda yarana biyu a wannan ajin da ake rainawa suke. Mai Bagi, ka ce kuɗi biyu. Shin ka gaya wa Sabon Shiga cewa kit na gasa ba ya zuwa da rimot, ba servo mai juya sitiyari, ba ESC, ba inji, ba batir, ba caja, sau da yawa ko taya babu, jikin motar ma garau yake zuwa ba launi sai ka yi masa fenti? Mutumin da bai tabbatar yana son wasan ba za ka ɗora wa wannan kayan? Mu Traxxas Slash muka saya, wadda take kasuwa tun 2008. Tana da bamba gaba da baya, jikinta ya rufe tayoyin, don haka idan ta gogi wata ba sa sarƙewa su yi sama kamar bagi mai tayoyi a waje. ESC ɗinta na da yanayin koyo da ke rage ƙarfin zuwa rabi. Ƙaramin nawa da haka ya fara. Na ga ya shiga bututun gefen hanya da gaba, motar ta ja baya ta ci gaba da tafiya. Kuma duk filin da ka je sai ka sami mai kayan gyaranta a jaka.

Mai Bagi: Hajiya, ban ƙi ta taki ba idan yara ne. Amma wannan ƙarfin jikin nata shi ne matsalar. Direba ya saba buga mutane ba tare da ya biya komai ba, sai ya ɗauki halin ya kai ajin gaba. Sannan Slash doguwa ce daga ƙasa, a fili mai riƙo da ka shiga kwana da ɗan gudu sai ta kife. Me mutum ya koya a nan?

Maman Yara: Ya koyi sakin totur kafin kwana mana. Ai abin da ake so ya koya ke nan tun farko.

Bakanike: Idan haɗawa da hannu ne damuwarka, Malam, ga Tamiya TT-02. Kit ce, littafin haɗinta yaro ma zai bi, tayoyi huɗu ke ja, kuma filayen kwalta da na kafet da yawa suna da aji nata na musamman inda aka hana ƙarin kaya. Ba zan ɓoye aibinta ba: da bushin na roba take zuwa, sitiyarinta na da ɗan lilo. Ka sa mata boris tun ranar haɗawa, shi ke nan. Kada ka biye wa masu cika ta da kayan alminiyam.

Alƙalin Fili: Jama'a, ni da nake zaune gaban kwamfutar ƙirga zagaye, ina ganin duk kun fara daga tsakiya. Kuna gardamar wace mota, alhali babu wanda ya tambayi Sabon Shiga wane fili zai je. Ƙasa ce, kafet ne, kwalta ce? Wane aji ne ke cika da mutane a can? Mota mafi kyau a duniya ba ta da amfani idan ranar tsere kai kaɗai ke da irinta, don ba za a buɗe aji saboda mutum ɗaya ba. Ƙanena, ka je ranar tsere ba tare da mota ba. Ka duba takardar rajista, ka ƙirga sunaye a kowane aji, ka leƙa teburan gyara ka ga abin da aka fi riƙewa. Sannan ka buɗe aljihu.

Batun gudu kuma, ga lissafi na misali. Minti 5 daƙiƙa 300 ne. Direba mai zagaye a daƙiƙa 20 ba kuskure ya yi 15. Wani mai zagaye a 18 ya kife sau 4, kowane kifewa ya ci masa daƙiƙa 8 kafin mai ɗaga motoci ya iso. Ya zubar da 32, saura 268, bai cika 15 ba. Kowane mako haka nake gani a takarda. Shi ya sa idan sabo ya zo yana nuna mini zagayensa mafi sauri, sai in ɗora yatsa a kan mafi jinkiri. Tazarar da ke tsakanin biyun ita ce aikin da ke gabansa.

Mai Bagi: Ranka ya daɗe, lissafinka daidai ne. Amma ka faɗi gaskiya a kan ajin sababbin da muke gani. Kowa ya zo da abin da yake da shi. Ga yaro da ƙaramar bagi, ga wani da ƙatuwar mota mai batir 3S, wato mai sel uku, a layi ɗaya. Ga kuma wanda ya daɗe da ƙwarewa ya ƙi tashi, yana tara kofuna a kan yara.

Alƙalin Fili: A nan ka taɓo inda ke ciwo, kuma laifinmu ne masu shiryawa. Ajin da ba shi da iyakar inji da batir ba ya koya wa kowa komai. Ni abin da nake goyon baya: batir 2S mai sel biyu kawai, inji mai buroshi na asali ko 21.5, kuma wanda ya ci sau uku ya haura. Idan an yi haka, ƙorafinka ya mutu, ajin yana nan.

Maman Yara: Malam, haurawar nan kada ta zama dole a kan yara. Ɗan shekara 8 na iya cin tsere uku saboda sauran sun kife, ba don ya shirya ba. A duba daidaiton zagayensa, a kuma tambayi iyayensa.

Tsohon Direba: Na goyi bayan Hajiya. Kai kuma ɗana, bin bayan gwanaye da kake so ai yana samuwa a lokacin gwaji, inda ba a ƙirga komai. Akwai ma abin da ya fi wannan. A ƙa'ida duk wanda ya gama tserensa zai sauka ya tsaya a kwana yana ɗaga motocin rukuni na gaba. Sabo ya roƙi a sa shi a kwana mafi wuya lokacin manya. Daga nan zai ji da kunnensa inda suke sakin totur, ya ga tayar ciki tana wucewa dab da bututu, zagaye bayan zagaye a wuri guda. Daga dandamali ba ka ganin wannan.

Sabon Shiga: Na gode ƙwarai. Mai amfani da mai fa, naitiro? Ƙararta ce ta fara jan hankalina.

Bakanike: Bar ta tukuna. Sabon inji sai an horar da shi, ga saitin allurar kafireto da ke canzawa da yanayi. Za ka ƙare rana kana fama da tayar da ita maimakon tuƙi. Na lantarki ma ka kula da batirinta na LiPo: kowane sel kada ya wuce bolt 4.2 a caji, kada ka tsotse shi ƙasa da 3, ka ajiye shi a wajen 3.8, ka yi caji cikin jakar da ba ta kama wuta kana kusa. Wanda ya kumbura a daina amfani da shi.

Mai Bagi: Ni har yanzu a kan kit nake. Abin da zan iya sassautawa: ya sayi bagin gasa, ya sa 21.5, ya rage totur daga rimot, ya shiga ajin sababbin da ita. Idan ya haura, inji kawai zai canza. Alƙali, za ka karɓe shi?

Alƙalin Fili: Zan karɓe shi da hannu biyu, muddin filin da zai je bagi ake tserewa a can. Sabon Shiga, idan ka je ka tambaye su wace taya ke riƙe ƙasarsu, da ko suna ba da aron na'urar ƙirga zagaye ga sababbi. Ka dawo mana da amsa kafin ka sayi komai.