Shawarwarin masu gyara a Jidda kan Linux da EC

Hausawa masu gyaran kwamfuta a Jidda sun tattauna kan EC, ɗan cif ɗin da ke kula da caji, fanka da maɓallan laftof. Matsayarsu: in ka ɗora Linux (babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta, kamar Windows), batir bai nuna ba ko fanka ta yi shiru, kar ka yi gaggawar kwance na'ura. Galibi kanel ɗin, wato zuciyar Linux, ne ba shi da direban EC, wato ƙaramar manhajar da ke sa shi magana da cif ɗin. Laftof irin su ThinkPad da Chromebook sun daɗe da nasu direban. Na sabbin laftof ɗin Surface sai a Linux 5.12, cikin 2021, ya fara shiga. A fara sabunta kanel da BIOS, manhajar da ke tada kwamfuta in an kunna ta.

Wani ya ce a riƙa sauya lambobin saitin EC da hannu. Ban yarda ba, kuskure ɗaya zai tsayar da fanka a zafin Jidda.